Wai Bahaushe Za a Koya wa Sayayya?

Na jiyo dariyarku tun daga nan. An ce muku a unguwar Bronx ta birnin New York ana tara magidanta da iyayen 'ya'ya a aji da daddare, ana koya musu Turancin shiga kanti da ƙirga canji. "Haba Malam," in ji ku, "jikan fataken da suka yi safarar goro daga Gwanja zuwa Kano ne za a zaunar a nuna masa kwabo?" To, Alhazai, ku gyara zama.

Mu fara da ɗan Maraɗi. A garinsu dala ɗaya sefa biyar ce, dala ashirin kuwa sefa 100, abin da ake miƙa wa yaro ya sayo ƙosai. Ya sauka Amurka, an ce masa hula dala ashirin. Lissafi na nan daram a kansa, sunan kuɗin ne ya yi masa rikiɗar hawainiya.

Ga kuma tsaba. Kwata santi 25 ne, daim 10, nikel 5. Nikel ya fi daim girma, amma daim ya ninka shi daraja, kuma ba a rubuta darajar ko ɗaya da lamba ba, sai da kalmomin Turanci. Alhaji, in aka zuba maka su biyun a tafi, wanne za ka fara damƙewa? Babban mana, na san ka.

Sai kunne. Ba'amurke ya ce fiftin, kai ka ji fifti, tsakaninsu dala 35. Sai haraji: rediyo an liƙa masa 100, a wurin biya na'ura ta ce 108.88, domin a birnin ana ɗora kashi 8.875 cikin ɗari a kan irin wannan kaya. Mutuminku ya tsaya yana jiran a ce "albarka" ya ƙara tayi, alhali yarinyar da ke karɓar kuɗin ba ta da ikon rage ko santi.

Shi ya sa malamin aji ke zuwa da kwalayen madara da babu komai ciki, da takardun tallar kantuna, da tsofaffin rasit, da kuɗin wasa. Wannan ya zama mai kanti, wancan mai saye. A koyi tambayar farashi, a gwada ko babban kwali ya fi ƙarami araha, a san yadda ake mayar da kaya da rasit a hannu. Ciniki kam sun zo da abinsu, baki ake ɗora musu.

Ku masu dariya, ku tuna 1973, da naira ta gaji fam. Shekara nawa kakanninmu suka yi suna kiran naira biyu fam, kobo goma sule? A ƙarancin kuɗin 2023 kuma, wane ne ya miƙa wa yaron POS katinsa, ya karanto masa lambar sirri da ƙarfi a tsakiyar layi? Ba zan kama suna ba.

Wanda har yanzu bai gamsu ba, ina da hula, fiftin ce. In ya miƙo hamsin, na sallama.