Yadda Shamuwa Ta Ƙwace Mini Kwano

Tun 1968 da aka gama dam ɗin Kainji ake tura wuta birane masu nisa, mu na bakin tafkin sai dai mu gan ta jefi-jefi. Shi ya sa na ƙuƙuta na sayo farantan sola a Yelwa, aka kafa mini a kan kwanon gidana da ke Birnin Yauri, dab da tankin ruwa. Fanka ta juya, firji ya yi sanyi, har maƙwabta suna aiko yara sayen ƙanƙara.

Damina na ƙaratowa sai ga shamuwa biyu da kirare a baki. Duk tsamiya da kukar garin nan babu wadda ta yi musu sai ƙarfen tankina. Wanda bai zauna da shamuwa ba bai san aikinta ba: ta wuni a fadama tana haɗiyar fara da kwaɗi, da yamma ta dawo ta sauke sakamakon. Kafin mako ya zagayo farantan sun yi fari fat, fanka tana juyi kamar mai jin kunyar surukai.

Na haɗa mutum-mutumi, na sa masa tsohuwar rigata da hula, na cusa masa ciyawa. Washegari na tarar sun zare ciyawar sun yi shimfiɗa da ita, namijin yana tsaye a kan hular. Na rataya tsofaffin faya-fayan CD don ƙyalli ya firgita su, ko kallo ba su ishe su ba.

Sai na je wajen wani abokina Bagunge, masunci, na ari birgi. Ban gaya masa kifin nawa mai fiffike ba ne. Da asuba na jingina tsani na hau. Jifan birgi a kwalekwale ma sai gwani, balle a kan kwano mai raɓa. Na wulwula, na saka, ragar ta rufe dish ɗin talabijin, igiyar ta naɗe mini ƙafa, na zauna daɓas. Shamuwa ko motsi.

Ƙarar ce ta fito da Inna. Da yake ni ne ɗan fari, ba ta kama sunana.

"Kai wannan, me kake yi a can?"

"Inna, gyara nake yi."

"Gyara da birgi? Baƙuwar da ta kawo mana damina za ka kama? Yara, ku ɗauke tsanin nan!"

Suka ɗauke kuwa, da murnarsu, 'ya'yan da na haifa. Hantsi ya dubi ludayi, kwano ya ɗau zafi, ina ɗaga wannan ƙafa ina sauke waccan. Ga shi ruwa ya yi jinkiri, kowa ya tanadi irin gero da shinkafa yana kallon gabas. Nan da nan ƙofar gida ta cika. Wani dattijo ya nuna ni da sanda ya ce, "To, ga mai riƙe mana ruwan!"

Sai da na yi alkawari a gaban mai unguwa kafin tsani ya dawo. Hukuncin da aka yanke: sheƙa tana nan har 'ya'ya su tashi, su yi kudu bayan kaka. Sola kuma, in ina son wuta, in riƙa hawa da bokiti da tsumma.

Ina sauka ƙafafuna suna raɗaɗi, Inna ta miƙo mini kwanon sha.

Na kai baki, ta ce, "Ba naka ba ne. Koma ka ajiye musu, ka tsorata su tun asuba."