Ɗaliban Alhaji Mai Rabin Kafso

To, Alhaji, labari ya iso mini daga majalisa. Wai ka ce ƙwayar cutar da ko ido ba ya gani ba za ta taɓa gagarar allura ba, likitoci ne kawai ke neman na cefane. Sannu da bincike.

Ranar da mura ta kama ka, wa ya aiki yaro kemis ya sayo ja-da-baƙi guda huɗu? Ka sha biyu, ka ji dama-dama, ka cusa biyu a aljihun babbar riga saboda gaba. Ita mura ko a jikinta, don bairos ce, kafso ba ya taɓa ta. Amma bakteriyar da ke zaune a hanjinka sun ɗanɗana: raunanan suka mutu, masu taurin kai suka rage suka hayayyafa. Kai ka koyar da su, ko kuɗin Laraba ba ka karɓa ba.

Ɗaliban naka kuwa akwai satar amsa. Wadda ta gano dabarar kauce wa magani sai ta miƙa wa maƙwabciyarta, ko da ba danginsu ɗaya ba. Jami'arsu ita ce asibiti. Ga magani safe da yamma, ga ɗinkin tiyata ɗanye, ga robar fitsari ta kwana bakwai, ga bakwaini kwance cikin kwalba.

Na ji ki, Hajiya, wai ciwon Turawa ne. A Ingila aka fara ganin MRSA, wata bakteriya mai gagarar magani, a 1961, wannan kam kin ci. Shi kansa Alexander Fleming mai gano penisilin ya yi kashedi tun 1945 cewa shan maganin da bai kai ƙima ba yana koya wa ƙwayoyin jurewa. Sai dai binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta mutum miliyan 1.27 wannan juriya ta kashe a 2019, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce a kan gaba. Turawan sun bar mana kaso mai tsoka.

Kuma na gan ku wajen dubiya. Ku goma, uku a kan gadon mai jego, jariri na yawo hannu zuwa hannu kamar farantin goro. Nas ta ce a wanke hannu, kuka fito kuna cewa yarinyar nan ba ta da tarbiyya.

Af, Alhaji, kafso biyun nan na aljihu, mai wanki ya haɗa da su, ko ka ba Hajiya?