Babin Masu Neman Aiki a Ƙasar Gaya

Masana tarihi sun ruwaito cewa tun kafin a gina ganuwar Kano, balle a kafa rumfunan Kurmi, wasu maƙera ne suka tashi daga Gaya suna neman tama, suka yi ta nausawa yamma har Allah ya sauke su a gindin Dala, kuma zuriyarsu ce ake kira Abagayawa; to, idan wannan riwaya ta inganta, kuma ban ji wanda ya raunana ta a majalisarmu ba, ashe mutumin Gaya ne ya fara zuwa Kano neman aiki, illa dai shi ya tafi da zugazugi da uwar maƙera, jikokinsa kuwa suna tafiya da ambulan. Na daɗe ina zama a bakin tasha, inda motocin Wudil da na Ajingi suke lodi, ina nazarin waɗannan jikoki, har na ga ya dace in karkasa su yadda malaman fiƙihu suke karkasa ruwa, domin akwai mai tsarki mai tsarkakewa, akwai wanda ya jirkita amma yana yin al'ada, akwai kuma wanda ba ya yin ibada ba ya yin al'ada.

Na farkonsu shi ne Mai Ambulan, wanda ba ka ganinsa face da wata ambulan mai ruwan ƙasa a hammata, gumi ya dafar da gefenta, kusurwoyinta sun lanƙwashe don tsufa, a cikinta kuwa akwai takardar haihuwa, da ta shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma, da sakamakon WAEC da na NECO, da difloma, da hotunan fasfo da aka ɗauka tun gemu bai tsiro ba. Da ita yake zuwa ɗaurin aure, da ita yake zuwa zaman makoki, saboda ba a san inda ciyaman zai ɓullo yin ta'aziyya ba. Mai fotokofin bakin kasuwa, da kuɗin wannan bawan Allah ya rufa wa shagonsa kwano. Idan damina ta sauka mahaifinsa ya ce, "Ɗauko fartanya mu tafi," sai ya sunkuyar da kai cikin ladabi ya ce, "Baba, ai kada a kira ni intabiyu ina gona," alhali idan an tuƙa tuwon dawar wannan gona ba ya taɓa tayar da wata mas'ala.

Ƙaninsa shi ne Ɗan Fotal, kuma ɗariƙarsu ta yi ƙarfi ne daga 2016, shekarar da aka fara N-Power ana biyan naira 30,000 a wata. Wuridinsa safe da yamma shi ne shafa fuskar waya, ya haddace lambar NIN da ta BVN fiye da yadda ya haddace Ahalari, ya san kowane tudu a ƙasar Ajingi da ake samun sabis a kansa, kuma ya nemi aikin kwastan, da na shige da fice, da na soja, har da waɗanda tsawonsa bai kai ba. Idan sunaye suka fito babu nasa, sai ya ce ana jiran kashi na biyu.

Amma wanda ya fi cancantar dogon sharhi shi ne Ɗan Ƙofar Honarabul, domin shi ya mayar da neman aiki ya zama aiki, har da lokacin shiga da na tashi. Da an sallame Asuba yana kan benci a ƙofar gidan ɗan siyasa, idan mota ta fito ya bi ta da gudu yana ɗaga hannu yana "Allah ya ja zamanin Honarabul," idan kuwa an yi sa'a gilashi ya sauka an ce masa "Ina sane da kai," to wannan kalma ita zai riƙa tauna har wata uku, yana ba da labarinta a wurin mai shayi da isnadi cikakke. Alkawarin da ake yi masa yana da matakai tsararru waɗanda ba su taɓa saɓawa ba: da fari a ce bari a ci zaɓe, sannan bari a rantsar, sannan bari a sa hannu a kasafin kuɗi, sannan bari gwamnati ta ɗage takunkumin ɗaukar ma'aikata, kafin a ankara shekara 4 ta cika an koma kan bari a ci zaɓe. Na san wani daga cikinsu da ya ɗinka babbar riga a 2019, lokacin da aka ɗaukaka Gaya ta zama masarauta mai daraja ta ɗaya, yana kyautata zaton ba za a rasa masa ko da riƙon kundin baƙi ba. Aka rushe masarautar a 2024, aka dawo da ita mai daraja ta biyu da Ajingi da Albasu a ƙarƙashinta, shi dai yana nan da rigarsa, sai aikin wuyan ne ya fara zarewa.

Daga nan sai Dillalin Ofa, kuma a kansa ba riwaya zan kawo ba, shaida zan bayar, tun da ni ma ya taɓa yi mini aski ba ruwa. Mutum ne mai fararen kaya da wayoyi biyu, mai sanyin murya, wanda ba ya ambaton sunan kowa sai "Oga na sama," kuma ya same ni ne a kan maganar wani ɗan ƙanwata da ya gama karatu yana zaune. Ya ce gurbi ɗaya ya rage, mutum uku suna zawarcinsa, amma saboda zumunci ya fi son ya zo gidanmu. Ranar Juma'a na kora raguna biyu kasuwar Wudil, na sayar da su a kan farashin da ko mai siyen sai da ya dube ni sau biyu, na kawo masa kuɗin a leda, bayan kwana goma ya kawo takarda mai hatimi da sa hannu har da tambari mai sheƙi, muka shafa fatiha, aka dafa shinkafa da wake aka raba wa maƙwabta. Da yaron ya je wani ofishi a Kano don kama aiki, sai ya tarar da samari uku a kan benci, kowa riƙe da irin takardarsa, lamba ɗaya, ranar wata ɗaya, har kuskuren rubutu ɗaya, masinjan wurin ya dube su da tausayi ya ce, "Ku ne na wannan makon?" Wayoyin nan biyu kuwa tun ranar suka shiga halwa. Bayan wata shida na gan shi a sahun gaba a masallaci, muka yi musafaha, ya riƙe hannuna ya ce, "Kawu, mumini ba ya jayayya da ƙaddara."

Akwai kuma wanda Allah ya riga ya ba shi aikin, wato Ma'aikacin Ranar Tantancewa, wanda ba zan faɗi ofishinsa ba don shi ma da ƙyar zai iya nuna shi. Kasuwancinsa yake yi a Kantin Kwari, ba ya taka garin sai an ce za a ɗauki hoton yatsu, amma da aka sanar da mafi ƙarancin albashi na naira 71,000 a Kano a 2024, shi ya riga akawun lissafa abin da zai ƙaru masa.

Ɗan Ci-rani kuwa, duk da tabarau ɗin da yake dawowa da shi, da akwatin kiɗan da yake rataye a wuya, da guntun Turancin Legas da yake jefa wa tsofaffi, da iƙirarinsa cewa shi manaja ne alhali kowa ya san gadi yake yi ko acaɓa, ni ban yarda a yi masa dariya da yawa ba, saboda yana tafiya bayan an gama kaka, yana dawowa kafin ruwan shuka, kuma takin da ke gonar ubansa shi ya saya.

Saura kashi na ƙarshe, wanda ba ya zuwa tasha balle in gan shi a can, sai dai in shiga cikin gida. Ita ce matar da idan masu cike takardu suka zo suka tambayi sana'arta, mijinta yake amsawa daga zaure ya ce, "Ba ta aikin komai." Wannan da ba ta aikin komai tana tashi kafin kiran assalatu, ta soya gyaɗa, a kai inji, ta matse mai ta murza ƙuli-ƙuli, da hantsi ta aza kaskon awara, da la'asar ta ɗauki allura ta kama ɗinkin hula, tana riƙe da adashin mata goma sha biyu a ka ba tare da littafi ba, kuma ba a taɓa jin kwabo ya ɓata ba. A wurinta Mai Ambulan yake rancen kuɗin motar zuwa Kano, a wurinta Ɗan Fotal yake karɓar na cajin waya, ita ce kuma ta biya telan Ɗan Ƙofar Honarabul.

Babbar yayata tana cikin wannan kashi, kuma ragunan nan biyu da na kora Wudil nata ne, bashi ta ba ni. Jiya ta aiko ƙaramar jikarta ta tsaya a bakin zaure ta ce, "Wai in ji Yaya, tana gaishe ka, in babu kuɗin ba komai, za ta karɓi gero da kaka, amma a farashin kaka."