Oba-oban Alhaji da Rinar Jiratawa

Sana'ata gyaran rediyo da talabijin, a wani lungu bayan babbar kasuwar Maraɗi. Darajata ta ɗaga ne ranar da ƙanen matata ya sauke mini wata tsohuwar na'ura daga Kwatano: Marconi 2955, ƙirar Ingila ta shekarun 1980, mai nauyin da sai an yi mata gammo. Aikinta awon oba-oba. Tana faɗin ƙarfin da rediyo ke fitarwa, da zangon da yake magana a kai, da kaifin kunnensa, har zuwa megahaz 1000. Kafin sati ya zagayo 'yan kabu-kabun bakin layi sun raɗa mini Dakta.

Majinyacina na farko wani Alhaji ne mai gida a Tibirin Gobir da lambun zogale a Jiratawa. Ya gaji da sayen katin waya don jin ko an ba shuka ruwa, sai ya sayo oba-oba guda biyu, kwalinsu ya yi rantsuwar wat 8 da nisan kilomita 50. Ya dire mini su.

"Dakta, kurame ne. Ina kira tun daga Tibiri, mai gadi bai ji ko tarina ba."

Na kwance eriyar ɗaya, na ɗaura kebul zuwa bakin na'urar. A cikinta akwai abin da ke shanye ƙarfin rediyon, mai nauyin om 50, don kada maganar gwaji ta fita gari. Na danna maɓalli, allo ya nuna wat huɗu da ɗan ɗori.

"Ina sauran huɗun?" in ji Alhaji.

"Suna jikin kwali, ranka ya daɗe."

Na juya gwajin, na'ura ta riƙa aika wa rediyon siririn sauti, ina rage ƙarfinsa kaɗan-kaɗan. Har na sauko rubu'in maikrobolt yana ji, ma'aunin tsabtar sauti, wato SINAD, na tsaye a desibel 12, iyakar da masu sana'a suka yarda da ita. Na biyun ma haka. Sai dai duka biyun suna zaune a megahaz 145, tsakiyar zangon 144 zuwa 146 da aka keɓe wa masu rediyon sha'awa, waɗanda lambar kiransu a Nijar ke farawa da 5U. Na ce masa maganar iska sai da izinin hukumar ARCEP.

"Lambuna ne, gidana ne. Iskar tsakani ita ce ta gwamnati?"

Na tabbatar masa ita ce. Sannan na ba shi sakamako: rediyonsa lafiya lau, kuɗin awo jikka biyar. Nan fuskarsa ta canza.

"In biya ka don ba ka ga komi ba? Ko boka in bai ga aljani ba yana ƙirƙiro ɗaya."

Na zauna na yi masa karatu. Irin wannan zango miƙe yake tafiya kamar hasken tocila, ba ya bin gangaren ƙasa, duniya kuwa a lanƙwashe take. Mutum biyu a tsaye, ko a fili fetal, da ƙyar su wuce kilomita 10. Tsakanin Tibiri da Jiratawa ya haura 20, ga Maraɗi kwance a tsakiya da benayenta da rufin kwano. Maganin kawai tsawo: eriya ta hau sama a ɓangarorin biyu.

"To hau ka nuna mini," in ji shi. "In na ji muryarka, ka ji kuɗinka."

Washegari yaron shagona ya bi Alhaji Tibiri, suka haye rufin soro. Ni kuma ɗan kabu-kabu ya sauke ni Jiratawa, inda mai gadi ya nuna mini mangwaro mafi tsawo a lambun, ya jingina tsani, na taka na kama reshen farko, ya koma wajen injin ban-ruwa da tsanin a kafaɗa, wai maƙwabci ke da shi. Na tattare riga, na rataya oba-oba a wuya, na yi ta hawa har Gulbin Maraɗi ya bayyana a ƙasana. Na zauna a wani reshe mai kyau, na gyara murya. Ashe reshen da masu shi. Rina ta farko ta sauka a ƙeyata daidai lokacin da yatsana ya danna maɓalli, yatsan kuma ya ƙi sakewa. Duk abin da na faɗa, daga salati zuwa kiran sunan mahaifiyata, ya tashi a wat huɗu, ya tsallake Maraɗi, ya sauka Tibiri.

Da na saki maɓallin don in kare fuska, sai ga muryar Alhaji tangaram, cike da murna.

"Dakta! Ina jin ka tarau! Ƙara faɗi, oba!"

"Alhaji, rina! A kawo tsani! Oba!"

"Madalla! Ko ɗigon shuu babu! Oba!"

Mai gadi bai ji ba, don injin na ruri, rediyon lambun kuma yana wuyana. Saukowar da na yi, rabinta ni na yi, sauran rabin ƙasa ce ta taimaka.

Da yamma Alhaji ya zo shago, ya tarar da idona ɗaya a rufe, leɓe ya kumbura. Ya biya jikka biyar ɗin, ya ƙara da ƙunshin zogale, ya ce in dafa in sha. Na kawo masa shawarar a kafa dogon ƙarfe da eriya a kowane ɓangare, a nemi takardar izini. Ya tambayi kuɗin, na faɗa, ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Ƙarfen mi, ga icce Allah ya ba mu kyauta? Mai gadi zai riƙa hawa."

"To yaya zai san lokacin da kuke son magana, ranka ya daɗe?"

Ya dube ni da tausayi, irin duban da ake yi wa mai ilimin da bai san duniya ba.

"Sai in buga mishi waya in ce ya hau."