Jinjina ga gwanayen wa'adin mako guda

Ya kamata a miƙa jinjina ta musamman ga shugabannin ECOWAS da suka taru a Abuja ranar 30 ga Yulin 2023, ƙarƙashin jagorancin Shugaba Bola Tinubu. Kwana 4 kacal da Janar Abdourahamane Tchiani da dakarun fadar shugaban ƙasa suka tsare shugaban Nijar Mohamed Bazoum a Yamai, har sun yanke hukunci: a mayar da shi kujerarsa cikin mako guda, ko a ga sojoji. Sannunku da hangen nesa! Magabata kan fara tura manzo, su aika dattijo, su ja kunne, in duk abin ya ci tura sannan a ambaci yaƙi. Ku kuwa kun hutar da kowa, kun fara da ƙarshen zance, don kada a ɓata lokaci wajen sauraron juna.

Bayan an gama zare ido ne aka tuna da dattawa. Aka tura Janar Abdulsalami Abubakar da Mai Alfarma Sarkin Musulmi su je lallashi, alhali barazanar ta riga su isa. Suka dawo ba su ga Tchiani ba. Ba kowace gwamnati ke da ƙarfin halin jefa martabar Sarkin Musulmi cikin irin wannan ba. Sarki Muhammadu Sanusi na II da ya je a ƙashin kansa, da malaman da Shaikh Bala Lau ya jagoranta, su an buɗe musu ƙofa an zauna da su. To amma wa zai tsaya koyon darasi daga mutanen da suka tafi ba su riƙe da komai sai zumunci?

Inda gwanintar ta fi fitowa fili shi ne takunkumi. Najeriya ta yanke wutar lantarki, wadda a lokacin ita ce kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da Nijar ke sha, ta garƙame iyaka, aka toshe hanyoyin kuɗi. Dubi yadda aka saita bugun daidai. Janar yana da janareto da man da zai zuba masa. Duhun sai ya sauka a ɗakin haihuwa, da firijin da ake ajiye allurar rigakafi, da shagon tela, da gidan matar da ke ciyar da marayu da kuɗin ƙanƙara. Shinkafa ta yi tsada, magani ya yi wuya. Kuma don kada a ce an nuna son kai, sai aka raba wahalar biyu, rabi aka bai wa talakan gida. Motocin kaya suka yi layi a Illela da Jibiya har abin da ke lalacewa ya lalace, kasuwar Maigatari ta yi sanyi, mai uwa a Maraɗi da 'ya'ya a Katsina ya koma bin hanyar daji kamar ɓarawo. Jihohi 7 ne ke jingine da wannan iyaka, daga Kebbi har Borno, kuma babu wadda aka manta da ita a rabon. Wannan shi ne adalci.

Ita wutar nan ba sadaka ba ce. Shekara da shekaru fahimtar da ke tsakani ita ce Nijar ta bar kogin Kwara ya gangaro Kainji, Najeriya ta ba ta lantarki. Ita ce kuma Nijar ɗin da shugabanta na lokacin Diori Hamani ya tsayar a bayan Najeriya lokacin yaƙin basasa. Madalla da waɗanda cikin dare ɗaya suka koya wa maƙwabci cewa dogara da mu kuskure ne, gara ya hanzarta gina madatsarsa ta Kandaji.

Sai batun yaƙin. Ranar 10 ga Agusta aka ba da umarnin ɗaura ɗamarar rundunar ko-ta-kwana, hafsoshi suka hallara a Accra, aka shaida wa duniya har rana an tsayar. Ba a damu da cewa Majalisar Dattawan Najeriya ta riga ta ce a bi hanyar sulhu ba. An tuna Gambiya a 2017, inda barazana ta fitar da Yahya Jammeh, aka ga ai Nijar ma haka take, duk da cewa ta fi Najeriya faɗin ƙasa, kuma Mali da Burkina Faso sun ce taɓa ta taɓa su ne. Ranar ba ta zo ba, kuma mun gode wa Allah da ba ta zo ba, domin 'yan'uwa ne za su kashe juna. Amma ku duba iyawa: an tsorata talakawa, an tunzura sojoji, sannan an nuna wa duk mai sha'awar juyin mulki cewa kurin ba ya cizo. Shi kuwa Tchiani an yi masa kyautar da bai isa ya saya ba. Mutumin da ya ci amanar wanda aka ba shi tsaro ya wayi gari gwarzon kare ƙasa, dubban mutane suka cika filin wasa na Seyni Kountché ranar da wa'adin ya cika.

Kada mu manta da haƙurin da ƙungiyar ta nuna a 2020, lokacin da Alpha Condé da Alassane Ouattara suka zarce wa'adi na uku. Ranar ba a yanke wa kowa wuta ba.

Ga ribar da aka kwaso. Ranar 24 ga Fabrairun 2024 aka janye takunkumin ba tare da an sako Bazoum ba, har ya cika shekara 2 a tsare a Yulin 2025. An rantsar da Tchiani a Maris na 2025 kan wa'adin shekara 5, a watan ne kuma Nijar ta sanar da ficewa daga rundunar haɗin gwiwa da ke yaƙi da Boko Haram a tafkin Chadi. Nijar da Mali da Burkina Faso sun kafa ƙawancen AES, sun bar ECOWAS a Janairun 2025. Ƙungiyar da Yakubu Gowon da Gnassingbé Eyadéma suka yi ɗawainiyar kafawa a 1975 da ƙasashe 15 ta yi bikin cika shekara 50 a Legas da ƙasashe 12.