Yadda Ake Rage wa Fim Ƙiba Ya Shiga Ƙaramar Waya

Sauya fasalin bidiyo aiki ne da ake yi idan fim ya ƙi buɗewa a wayar da aka tura shi. A Bagwai da ƙauyukan da ke kewaye da madatsar ruwa ta Watari, inda manomin rani ke son kallon Labarina ko fassarar Algaita bayan ya taso daga fadama, matsalar kusan kullum iri ɗaya ce: waya 'yar madannai, itel ko Tecno, da memori ɗan giga 2, da fim ɗin da aka sauke don babbar waya.

Da farko mai shagon tura fim ya karɓi wayar ya duba da idonsa. Kada ya dogara da bayanin mai ita, domin kowa zai rantse cewa tasa "tana cin komai". Ƙananan wayoyi 3GP suka fi ganewa, a girman hoto 176x144 ko 320x240. Ta Android kuwa sau da yawa ba ta buƙatar a sauya komai. A sa mata VLC ko MX Player, ta buɗe har MKV.

Sannan a fahimci abin da ake sauyawa. MP4 da MKV da AVI buhu ne kawai; hatsin da ke ciki shi ne hoton da aka matse da H.264 ko H.265. Wanda ya goge "mkv" daga sunan fim ya rubuta "mp4" rubutun jikin buhu ya canza, kuma waya ba ta jin wannan wayon. Tsofaffin wayoyi da yawa H.265 ne ke gagararsu, shi ya sa wani lokaci murya ke fita allo yana baƙi ƙirin.

Ainihin aikin bai da wuya. A buɗe Format Factory a kwamfuta, a zaɓi fasalin, a jawo fim ɗin, a saita girman hoto. Kafin a saki fim ɗin Indiya mai awa 3, a yanko minti ɗaya a gwada tukuna. Man janareta ba kyauta ba ne, kuma babu abin da ke tsinka zuciya kamar wuta ta ɗauke aiki yana kashi 97 cikin ɗari, mai waya yana tsaye yana kaɗa makullin babur.

Murya ce ke jawo rigima. 3GP yakan zo da sautin AMR, wanda aka ƙera don hirar waya, sai waƙar fim ta koma kamar daga rijiya ake rera ta. Idan wayar tana karɓar AAC, shi za a zaɓa. A kuma lura kada murya ta riga baki, a ji ƙarar mari jarumi bai ɗaga hannu ba. Idan haka ta faru, a sake aikin daga asalin fim ɗin ba tare da taɓa saurin hoton ba.

Asalin kuwa kada a kuskura a goge shi, musamman na biki. Abin da aka zubar wajen matsewa ba ya dawowa: 3GP da aka mayar MP4 nauyi kawai yake ƙarawa, fuskar ango tana nan dishi-dishi, dangin amarya suna musun ko shi ne. Haka tsofaffin faifan VCD masu fayil ɗin DAT da na DVD masu VOB: a kwafe su yadda suke a ajiye, a riƙa sauyawa daga kwafin.

Daga ƙarshe a mayar da memori cikin wayar a kunna a gaban mai ita, a duba farko, a tsallaka tsakiya, a leƙa ƙarshe. Wanda ya taso daga Gadanya ko Rimin Dako, ya koma gida ya tara yara da maƙwabta sannan fim ya tsaya daidai inda za a tona asirin mugu, da sassafe zai dawo, kuma ba shi kaɗai ba.