Gyaran Gangar Auzinawa: Yadda Na So In Zama Marquez

Gidan kallon ƙwallo ne ya ja min. Wata Lahadi na yi sammakon zuwa kallon wasa, na tarar mai gidan ya bar tasha a kan tseren babura da ake kira MotoGP. Nan idona ya faɗa kan wani ɗan Sifaniya, Marc Marquez, mai lamba 93, yana shiga kwana a kwance har gwiwar hannunsa na shafar kwalta, ya kuma miƙe abinsa. Babur ɗinsa ruwan goro ne da fari da ja, an rubuta Repsol ɓaro-ɓaro a jiki. Daga baya na gano Repsol kamfanin mai ne na ƙasarsu da ya ɗaure wa Honda gindi a tseren tun 1995, kuma da wannan riga Marquez ya lashe babbar gasar sau shida tsakanin 2013 da 2019. Ni kuwa a lokacin ina da shekara 41, da 'ya'ya huɗu, da tumbi, da wata roba-roba da ba ta tashi sai an tura. Duk da haka a daren nan sai da na yi mafarkin ina shan kwanar Ɗangi a kwance.

A farkon 2023 na ɗauki adashi, na ja wani abokina ɗan Kantin Kwari muka nufi wajen dillali. Babura biyu ya fito mana da su, 'yan Kwatano, dukkansu Honda CBR250R. Ɗaya baƙi wuluk. Ɗayan kuwa da rigar Repsol ya fito tun daga kamfani, hatta wilinsa ruwan goro ne. Tsakaninsu naira dubu 250.

"Alhaji, wannan shi ne naka," in ji dillalin, yana shafa tankin mai ruwan goron kamar wuyan ingarma. Ban je Makka ba, amma a bakin dillali duk wanda ya taɓa aljihu ya sauke farali.

Sai dai ni na zo da karatuna. Mako biyu na yi ina cin data, na kuma san sirrin: injinsu ɗaya ne, silinda ɗaya, cc 249, giya shida. Abin da kamfani ya sauya fenti ne da rubutu, shi ke nan. Ainihin babur ɗin Marquez, RC213V, silinda huɗu ne, cc 1000, yana haura kilomita 350 a awa, kuma ba ka samunsa a shago. Da Honda suka tashi yin wanda ya gaje shi da gaske don hawa titi a 2015, dala 184,000 suka sa masa, kuɗin gida sukutum har da katanga. Duk wannan na zazzage wa dillali a tsaye, na rufe da cewa ba zan biya dubu 250 kuɗin fenti ba alhali garin nan cike yake da masu fenti. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Allah ya ba da sa'a, Alhaji," da irin muryar da ake yin ta'aziyya. Abokina, wanda rakiya kawai ya zo, ya ciro waya ya tura kuɗin mai rigar Repsol. Ni kuwa na ɗauki baƙin, har gida ina yi masa dariya.

Na fara da mai fenti. Na ce masa ruwan goro nake so.

"Wane goron, Yallaɓai? Fari ko ja? Wanda aka fara taunawa ko wanda aka tofar?"

Na nuna masa hoto a wayata mai fasasshen gilashi, cikin tsakar rana. Ya kalla na daƙiƙa biyu ya ce ya gane. Bayan kwana biyar na dawo na tarar da babur ruwan ɗorawa shar, launin adaidaita sahu sak. Ya rantse min cewa in ya sha iska zai nuna. Na hau don ya sha iskar, ban yi nisa ba wata tsohuwa ta ɗaga min hannu a bakin titi tana cewa, "Ɗan nan, Kabuga." Na mayar aka sake fesawa. Karo na biyu ya fito kamar an tsoma shi a garwar manja, na ce a bar shi haka, manja ya fi kusa da goro.

Mai sitika yaro ne mai hanzari, har ya fi ƙarfin aikinsa. A gefen dama ya manna RESPOL. Da na yi magana ya ƙirga haruffan da yatsa ya ce, "Yallaɓai, shida ne a hoton, shida ne a nan, ba wanda na rage maka." Lambar kuwa 93 ce ta hagu, 39 ta dama, wai ai duk wanda ya zagayo ta ɗaya ɓangaren daga baya yake fara karatu. Sannan ya ƙara min gyara daga aljihunsa: a bayan kujera ya rubuta "Hassada ga mai rabo taki". Ban taɓa ganin wannan a babur ɗin Marquez ba, amma kyauta ce, na yi godiya.

Ruwan farko da aka yi ya tona asirin mai fenti. Ashe jikin irin wannan babur roba ce, tana lanƙwasuwa, kuma akwai share fagen da ake shafa mata kafin fenti ya kama. Shi kuwa fentin ƙofar gida ya sani. Manja ya fara saɓulewa falle-falle, ɗorawa ta leƙo, ƙarƙashinta baƙi, babur ya koma kamar mai kyasfi. Sai na yanke shawarar da ta ƙarasa ni: zan yi odar cikakkiyar riga daga Sin, wadda aka riga aka buga mata Repsol daidai. Na ba da rabin kuɗi a watan Mayu. A watan Yuni gwamnati ta saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dala ta yi sama, ragowar rabin nawa ya haihu, kuɗin dako ma ya haihu. Man fetur kuwa tuni an cire masa tallafi, don haka ko ziyarar bakanike sai na yi lissafi.

Kwalin ya iso bayan mako bakwai. Bakanikena ya ɗaga goshin rigar ya kalla, ya kalli babur, ya sake kallon rigar.

"Oga, naka fa mai ido ɗaya ne. Wannan rigar ta mai ido biyu ce."

Gaskiyarsa. CBR250R ɗina fitila ɗaya gare shi. Ƙaninsa CBR300R da ya biyo baya shi ne mai fitila biyu, kuma rigarsa aka aiko min. Ko ramin noti ɗaya bai hau ba. Amma bakaniken Kano bai san kalmar "ba zai yiwu" ba. Ya sa ƙusa a wuta ya huda sababbin ramuka, ya ɗaure sauran da waya, ya samo fitilun roba-roba guda biyu ya cusa a idanun. Ɗaya na haska kwata, ɗaya na haska saman bishiya. Yaran unguwa suka raɗa masa suna Harara-garke, sunan kuma ya bi shi.

Da na tsaya nan da sauƙi. Amma babur tsere ai da murya ake gane shi, sai na sa aka cire salansar kamfani aka ɗaura wata gajeriya wadda aka fafe cikinta. Abin da ban yi la'akari da shi ba, wannan injin ba ya da kabireta. Wata 'yar kwamfuta ce ke auna masa mai gwargwadon salansar da aka haife shi da ita. Bakanike ya yi rabin wuni yana neman sukurun da zai murɗa bai samu ba. Ƙarfi bai ƙaru ba, amma duk sanda na saki totur sai ka ji tas! tas! tas! Daren da na fara shigowa layinmu da shi, mai shayi ya bar tukunyarsa a wuta, majalisa ta watse, wani ya tsallake katangar da ba ta gidansu ba, 'yan sintiri suka fito da gorori. Washegari mai unguwa ya aiko.

"Malam, mun san mahaifinka," ya ce. "Mutumin kirki ne, keke ya hau har ya koma ga Allah."

"Ranka ya daɗe, kuskure ne."

Hukuncin da aka yanke: daga sallar isha'i zuwa hantsi, in kashe inji tun daga bakin titi in turo shi gida. Wato na sayar da roba-roba don na gaji da turi, na sayi abin da ya ninka ta nauyi ina turawa bisa umarnin hukuma.

Uwargida ba ta ce uffan ba duk tsawon watannin nan. Ashe rubutawa take a bayan littafin cefane. Wata safiya ta ajiye min shi kusa da koko ta ce, "Maigida, duba ko na yi kuskure." Fenti sau biyu, sitika, riga, dako, fitilu, salansa, ladan bakanike, da kuɗin tukunyar mai shayi da ta ƙone: naira dubu 640. Ba ta yi kuskure ba.

Abu ɗaya ya rage min, in nuna wa abokina cewa nawa ya fi gudu. Muka fita titin Zariya da sanyin safiya. Kai da kai muke tafiya, kamar yadda ni da kaina na gaya wa dillali za a yi, har wayar da ke riƙe da gefen dama ta tsinke. Rabin rigar babur ɗina ya tashi sama ya sauka a gonar wani. Abokina ya juyo ya taya ni nema cikin dawa, bai yi dariya ba, wanda ya fi dariyar ciwo.

Na koma wa dillali in sayar. Ya zagaya babur sau biyu, ya taya ƙasa da abin da na biya lokacin yana baƙi. Ya ce mai saye in ya ga sabuwar riga a tsohon babur, haɗari yake zargi, fentin kamfani kuwa shaida ce cewa bai taɓa shan ƙasa ba. Na abokina kuma akwai mutum biyu da ke bibiya, har sun ɗora masa riba. A wannan karon ko Alhajin bai kira ni ba.

A watan Oktoban shekarar aka sanar Marquez zai bar Honda. Ya koma hawan Ducati, Repsol ma ta raba gari da Honda a ƙarshen 2024, a 2025 kuma ga shi cikin jar riga. Kwanaki na haɗu da mai fenti a wajen ɗaurin aure, ya riƙe hannuna ya ce, "Yallaɓai, ja ai ba ya ba ni wahala, ka kawo shi."

Harara-garke na nan a zaure, na lulluɓe shi da tsohon labule. Injinsa lafiya lau, don shi kaɗai ne ba mu kai ga taɓawa ba. Mai karatu, in ka san wani mai so, ka turo shi da rana, lokacin da doka ta ba ni damar tayar masa ya ji.